In kwamfuta ta shigo sashen masu karɓar maganin ƙanjamau, a ajiye kati ko a ci gaba da shi?

Mai_Rajista:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga tambaya ga masu sani. A ce babban asibitin ƙaramar hukuma ne mai mutum 1,500 da ke karɓar maganin rage kaifin cutar ƙanjamau, kuma komai nasu a takarda yake: katin kulawa a cikin folda, takardar famasi, rajistar magani, rajistar gwajin jini. Yanzu an kawo kwamfutoci an ce a koma manhaja. Ta ina ake farawa? Sannan in manhajar ta zauna, ana daina cika kati ne ko aiki zai zama biyu har abada? A ganina in dai za a rubuta kati sannan a sake kwafe shi a kwamfuta, an ƙara wa ma'aikaci wahala ne kawai.

Malam_Lissafi:
Wa alaikumus salam. Malam Mai_Rajista, kafin a amsa maka sai an raba abu biyu da ake yawan haɗawa. Akwai shigar da bayani a lokacin da majinyaci yake zaune gaban ma'aikaci, akwai kuma tara folda sai an tashi aiki wani ya zauna ya kwafe. Duk biyun ana ce musu "mun koma kwamfuta", amma ba abu ɗaya ba ne. A na biyun kwamfuta ba ta taimaki likita da komai ba, don lokacin da bayanin ya shiga mai shi ya riga ya kai gida. Rahoto kawai take fitarwa, kuma duk kuskuren da ke kan kati ta gaje shi, ta ƙara da na mai kwafa. A na farkon ne ake cin riba: nas ta buɗe shafin mutum ta ga gwajin jininsa ya wuce lokaci da wata biyu, ta tura shi ɗakin gwaji kafin ya fita ƙofa.

Yawancin wurare da na biyun suke farawa, kuma ba laifi ba ne. Laifin shi ne a zauna a nan shekara biyar.

Hajiya_Famasi:
Ku fara da famasi. Duk lissafin wane ne yake kan magani, wane ne ya ɓace, daga abu biyu yake fitowa: ranar da aka ba shi magani da kwana nawa maganin zai yi masa. In waɗannan biyun sun shiga daidai, rabin aikin ya ƙare.

Ga misali. Mutum ya karɓi TLD, maganin ƙanjamau da ake shan ƙwaya ɗaya kullum, kwalba mai ƙwaya 90 ranar 3 ga Maris. Maganinsa zai ƙare 1 ga Yuni. A ƙa'idar PEPFAR, shirin Amurka na tallafa wa yaƙi da ƙanjamau, sai ya wuce kwana 28 bayan wannan ranar bai dawo ba kafin a lissafa shi cikin waɗanda suka katse magani, wato sai bayan 29 ga Yuni. To a ce mai shigarwa ya danna 30 a madadin 90. Manhaja za ta ce maganinsa ya ƙare 2 ga Afrilu, kuma da an fita daga Afrilu ta jefa shi cikin ɓatattu, alhali bawan Allah yana gida da ƙwaya kusan talatin a hannu. Sai a tura mai bibiya ya kira shi ko ya je unguwarsu, a tayar masa da hankali a banza, wataƙila ma a tona abin da yake ɓoyewa. Juyin wannan ya fi muni: an ba mutum na wata ɗaya an rubuta 180, ya daina zuwa, manhaja tana nuna yana nan lafiya har wata shida.

Mai_Bibiya:
Hajiya kin taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Jerin ɓatattun da manhaja ke fitarwa, kafin a ɗaga waya a kira kowa, dole a fara zuwa famasi a duba takardun da ba a shigar ba tukuna. Sau da yawa mutumin ya zo shekaranjiya, takardarsa tana ƙarƙashin tari.

Sarkin_Waya:
Ƙarin bayani ga waɗanda ba su san tsarin ba. A Najeriya manhajoji biyu ne suka fi yawa a wannan aikin: NMRS, wadda aka gina kan OpenMRS, da LAMISPlus. OpenMRS ɗin kanta saboda maganin ƙanjamau aka ƙirƙiro ta a 2004, cibiyar Regenstrief ta Amurka da ƙungiyar Partners In Health suka haɗa hannu, aka fara aiki da ita a Eldoret ta Kenya. KenyaEMR da UgandaEMR duk 'ya'yanta ne. Kowane asibiti yana da nasa rumbun a cikin gida, sannan lokaci-lokaci ya fitar da fayil ya tura babban rumbun ƙasa, NDR. Ma'ana ba a bukatar intanet don ganin majinyaci. Abin da ake bukata kwamfuta ɗaya ta zama uwar garke, sauran su haɗu da ita ta waya ko ta rawuta a cikin asibitin. Intanet sai lokacin turawa.

Shawara: uwar garken ta zama laftof mai ƙarfi, ba kwamfutar tebur ba, sai dai in akwai batirin tsaro mai kyau a bayanta. In NEPA ta ɗauke wuta rumbun yana tsakiyar rubutu, yana iya lalacewa ya ƙi tashi gaba ɗaya. Laftof tana da batirinta, ba ta mutuwar farat ɗaya.

Dan_Sola:
Tunda an zo maganar wuta, ga lissafi. Laftof uwar garke wat 60, laftof huɗu na teburori wat 50 kowace, 200 ke nan, rawuta wat 15. A ce 300 gaba ɗaya. Aikin awa takwas ya zama wat-awa 2,400 a rana. Batir mai ruwa 200Ah na bolt 12 yana ɗaukar 2,400 a rubuce, amma rabi kawai ake zuƙa in ana so ya daɗe, don haka biyu ake bukata. Faifan sola: a ƙasar Hausa a lissafa awa biyar na rana mai ƙarfi, 2,400 a raba biyar ya ba da 480, a ƙara asarar waya da zafi da ƙura, a sayi kamar wat 700 zuwa 800. Inbata 1.5kVA ta isa.

Abin da ke kashe tsarin ba lissafin ba ne. Wani ne zai jona firij ko hita ko babbar firinta a layin, da azahar batir ya faɗi. A ware layin kwamfuta daban, a rufe soket ɗin da ba a amfani da su. A lokacin hunturu a goge faifan aƙalla sau biyu a mako. Kuma kada a ajiye batir a ɗakin da ba iska, zafin Afrilu yana cinye masa shekaru.

Dattijo_Kati:
Duk na karanta. Ni dai ra'ayina kada a taɓa kati. Kati ba ya bukatar sola, ba ya bukatar kalmar sirri, ba ya cewa sai an kira injiniya daga babban birnin jiha. Likita ya buɗe folda ya ga tarihin shekara goma a shafi biyu. Ku yara kuna son sabon abu, amma ranar da allon ya yi baƙi layi ya kai bakin ƙofa, katin nan za ku nema.

Malam_Lissafi:
Baba Dattijo, ranka ya daɗe, maganarka tana kan hanya, amma kati ma yana da ranar da yake ba da kunya. Folda tana ɓata, gara tana ci, ruwan sama yana shiga ɗakin ajiya. Kuma akwai tambayar da kati ba zai iya amsawa da sauri ba: a cikin mutum 1,500, su wa ya kamata a ɗebi jininsu a wannan watan? Su wa sakamakon gwajin yawan ƙwayar cuta a jininsu ya kai 1,000 ko fiye amma ba a fara zaman ƙarfafa shan magani da su ba? Da takarda sai an zazzage folda 1,500. Da manhaja minti biyu ne.

Dattijo_Kati:
Minti biyu in abin da aka zuba mata gaskiya ne.

Malam_Lissafi:
Wannan kam ba musu.

Baban_Lab:
To bari in shiga ta nan, don sakamakon gwajin yawan ƙwayar cuta a jini shi ne wuri na biyu da bayanai ke lalacewa bayan famasi. Ƙa'ida dai sananniya ce: gwajin farko bayan wata shida da fara magani, na biyu a wata goma sha biyu, daga nan duk shekara. In sakamako ya kai 1,000 ko fiye, a yi zaman ƙarfafa shan magani sau uku cikin wata uku, a sake gwaji, in bai sauka ba a kai maganar gaban kwamitin sauya magani.

Kurakurai uku ne ke maimaituwa. Na ɗaya, ranar ɗibar jini da ranar fitowar sakamako da ranar da ya iso asibiti ranaku uku ne daban, kowace da gurbinta. In aka zuba rana ɗaya a duka, ba za a taɓa sanin inda jinkiri yake ba, ko a hanya ne ko a ɗakin gwajin PCR inda ake auna jinin. Na biyu, injin ba kullum yake ba da lamba ba. Yakan rubuta cewa ƙwayar ta yi ƙasa da 20, ko ba a gano ta ba sam. Gurbin manhaja kuwa lamba yake so. In ba a tsayar da abin da za a rubuta ba, wani ya sa 0, wani ya sa 20, wani ya bar wurin fanko, kuma fanko a wurin manhaja yana nufin ba a yi gwajin ba. Mutumin da ya fi kowa shan magani daidai sai ya fito a jerin waɗanda ba a gwada ba. Na uku, lambar da ke jikin kwalbar jini ta saɓa da lambar majinyaci a manhaja, sakamako ya dawo ba a san mai shi ba. Maganin wannan sitika mai lambar layi-layi da ake bugawa daga manhajar kanta, ba rubutun biro a jikin kwalba mai sanyi da gumi ba.

Sarkin_Waya:
Sitikar nan da Baban_Lab ya ambata, Malawi sun daɗe da ita. Tun farkon shekarun 2000 aka fara amfani da allon taɓawa da sitika a babban asibitin Kamuzu da ke Lilongwe, ma'aikaci yana danna allo da yatsa majinyaci na zaune. Abin lura shi ne ba su jefar da takarda ba. Manhaja ce ke buga sitikar ziyarar ranar, a manna a katin mutum. Wato an rubuta sau ɗaya, an samu biyu. Malam Mai_Rajista, ina ga wannan ya fi kusa da amsar tambayarka.

Mai_Rajista:
Wannan ya shige ni. Amma sitika da ribon ɗin firinta kuɗi ne kullum. Wa zai riƙa saye?

Hajiya_Famasi:
Tambayar da ba a so a yi ke nan a ranar ƙaddamarwa.

Likitan_Yara:
Kafin a tafi maganar kuɗi, a saka yara a lissafi, don a nan ne shigar da bayani nan take yake ceton rai ba rahoto kawai ba. Maganin yaro da nauyinsa yake tafiya. Maganin ƙanjamau na dolutegravir mai narkewa na 10mg: kilo 3 zuwa ƙasa da 6 rabin ƙwaya, 6 zuwa ƙasa da 10 ɗaya da rabi, 10 zuwa ƙasa da 14 biyu, 14 zuwa ƙasa da 20 biyu da rabi. Daga kilo 20 ya koma ƙwayar 50mg, daga kilo 30 ya shiga TLD irin na manya. In ba a auna yaro a kowace ziyara ba, ko mai shigarwa ya kwafo nauyin wancan zuwan saboda gurbin ya ƙi barinsa ya wuce fanko, yaro zai yi wata shida yana shan abin da ya yi masa kaɗan. Manhajar da aka saita da kyau tana iya tsayar da mai ba da magani ta ce nauyi da adadi ba su dace ba, amma sai in nauyin yau ne a ciki.

Haka mai tarin fuka da ke shan rifampicin: yana bukatar ƙarin dolutegravir 50mg bayan awa goma sha biyu da shan TLD ɗinsa. Sashen tarin fuka galibi rajistarsa daban, ɗakinsa daban. In bayanin bai iso shafin da famasi ke gani ba, ƙarin ƙwayar ba za ta fita ba.

Ungozoma_Zariya:
Likita, Allah ya saka. A ƙara da haɗa uwa da jariri. Jaririn da aka haifa ga uwa mai ɗauke da cutar ana ɗibar jinin dunduniyarsa a kan takarda a mako shida don a gwada ko ya kamu, kuma ana binsa har bayan yaye. Matsalar ita ce ranar haihuwa ba shi da suna, sai ranar bakwai. A rubuta shi "jaririn wance", ya dawo rigakafi da sunansa na yanka, a buɗe masa sabon shafi, ya zama yara biyu: ɗaya ya ɓace, ɗaya ba a san uwarsa ba. A ba shi lamba tun ranar farko wadda ke rataye da lambar uwa, a rubuta ta a katin rigakafinsa ba tare da wata alama da za ta sa dangi su yi tambaya ba.

Malam_Lissafi:
Maganar suna da Anti Ungozoma ta kawo ita ce babbar matsalar kwashe tsofaffin folda, don haka bari in koma kashin farko na tambayar, ta ina ake farawa.

Kada a ce za a kwafe komai na kowa. A fara ware folda kashi uku: masu zuwa yanzu, waɗanda suka koma wani asibiti ko suka rasu, da waɗanda aka daɗe ba a gani ba. Masu zuwa yanzu su ne farko. A kowace folda a ɗauki abin da ba makawa: lambar asibiti, lambar shiga shirin, jinsi, ranar haihuwa, ranar tabbatar da cutar, ranar fara magani, maganin farko, na yanzu da ranar sauyawa, karɓar magani ta ƙarshe da adadin kwanaki, sakamakon jini na ƙarshe, maganin rigakafin tarin fuka. In folda ɗaya tana cin minti 15, mutum ɗaya zai yi 24 a awa shida, mutum biyu 48, folda 1,500 ta ɗauki kwanakin aiki talatin da ɗaya ko da biyu. A sa wata biyu a tsari, don ranar asibiti foldar tana hannun likita. Kowace rana wani daban ya zari folda biyar cikin waɗanda aka shigar ya gwada da allo. In an samu kuskure a biyu, a sake duba aikin ranar duka. Kuma a sa alama a bayan duk foldar da aka gama, in ba haka ba za a shigar da ita sau biyu.

Sai suna. Muhammad, Muhammadu, Mohammed, Mamman, mutum ɗaya ne a folda huɗu. A'isha, Aishatu, Indo haka. Sunan mahaifi wani lokaci sunan gari ne. Ranar haihuwa rabin mutane 1 ga Janairu. Don haka kafin a buɗe sabon shafi a nemi mutum da lamba, a neme shi da lambar waya, a neme shi da haruffa ukun farko na sunansa.

Sarkin_Waya:
A ƙara da tsarin kwanan wata. Kwamfutar da aka bari a saitin Amurka tana sa wata kafin rana. 3/10 da muke nufin 3 ga Oktoba sai ta karanta 10 ga Maris. Daga 13 ga wata zuwa sama kuskuren yana tona kansa, amma 1 zuwa 12 shiru yake wucewa, musamman in an bi ta Excel. Sannan ƙaramin batirin agogon da ke cikin tsohuwar kwamfuta in ya mutu, duk safiya tana tashi da shekarar da ta wuce tuntuni. A duba agogon uwar garke kafin a fara aiki.

Mai_Bibiya:
Ai saboda wannan rikicin sunan aka kawo ɗaukar zanen yatsa. Mutum ya yi rajista a gari biyu, ko ya bar wani asibiti ya je wani a matsayin sabo ba tare da takardar canji ba. A can ana nemansa a matsayin ɓatacce, a nan ana murna an samu sabo. In yatsun sun hau NDR ana iya gane mutum ɗaya ne.

Hajiya_Famasi:
Ana iya ganewa in yatsan ya kamu. Matar da ta sha lalle, manomi a ƙarshen damina, mai wanki, mai aikin siminti, tsoho, duk na'urar tana wahala da su. Da hunturu fata ta bushe ta tsage. Dabarar ita ce a goge gilashin na'urar bayan kowane mutum, mai busasshen hannu ya ɗan hura wa yatsan iska daga baki ko ya murza shi a goshinsa, mai gumi ya goge, a ɗora yatsa a kwance ba da tsini ba, kuma a ɗauki yatsu da yawa a hannu biyu. Jarirai da ƙananan yara kuwa ba a dogara da shi. Abin da ba a yarda da shi ba ko kaɗan shi ne a hana mutum magani don yatsansa ya ƙi kamuwa ko don shi ya ƙi bayarwa. Kuma kada a matsa wa ma'aikata da cewa sai kowa ya kamu kafin ƙarshen wata, don matsin nan ne ke sa wani ya dangwala nasa yatsan a shafin mutane goma.

Bamaradiya:
Sannunku da aiki. A tuna da mutanen iyaka. Tsakanin Maraɗi da Katsina ta Jibiya, ko Ƙonni da Illela, mutane suna tsallakawa kasuwa da asibiti kamar unguwa da unguwa, wasu ma da gangan suke karɓar magani a ɗaya gefen don kada a gan su. NDR ba ta ganin abin da ke Nijar, na Nijar ba ya ganin na Najeriya, takardun ma ɗaya da Faransanci ɗaya da Turanci. Ga irin waɗannan, da 'yan ci-rani masu tafiya kudu bayan girbi, ƙaramin katin hannu mai sunan magani da ranar fara shi da sakamakon jini na ƙarshe shi ne kaɗai abin da ke tafiya tare da su. Don haka a wannan gaɓar ina bayan Baba Dattijo.

Dattijo_Kati:
Allah ya yi miki albarka 'yata.

Likitan_Yara:
Baba, katin hannu daban, folda daban. Ba wanda ya ce a hana mutum katin hannunsa.

Ungozoma_Zariya:
Ni abin da ya fi damuna sirri ne. Folda tana ɗaki ɗaya a kulle, wanda zai sace sai ya ɗauki ɗaya-ɗaya. Fayil ɗin Excel mai sunan mutum 1,500 da lambar wayarsu da unguwarsu kuwa dannawa ɗaya ne ya shiga WhatsApp. A garin da kowa ya san kowa, wannan aure ne zai mutu, kasuwa ce za ta tsaya.

Sarkin_Waya:
Gaskiya ne Anti, kuma akwai doka a kai: dokar hana nuna wariya ga masu cutar ta 2014, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014, da dokar kare bayanan jama'a ta 2023. A aikace ga abin da ake yi. Kowane ma'aikaci da sunan shigarsa da kalmar sirrinsa, ba ɗaya da aka manna a jikin allo kowa na amfani da ita ba, don in aka sauya wani abu a san wa ya sauya. Mai famasi ya ga abin da ya shafe shi kawai. Wanda ya bar aiki a rufe shigarsa a ranar. Jerin da za a fitar waje ya tafi da lamba, ba suna. Allon ya juya baya ga layi. Rumbun laftof ɗin a kulle shi da mabuɗin sirri ta yadda ko an sace ta ba za a karanta ba.

Sai kwafin ajiya. Kullum bayan an tashi a fitar da kwafin rumbun, a sa a faifan waje mai kulle, a ajiye shi a wani ɗaki daban da na uwar garke, don ɓarawo ko gobara ba sa zaɓe. Faifai biyu ana musanya su. Kuma duk wata a gwada mayar da kwafin a wata kwamfuta a ga ya buɗe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da aka tura NDR ba zai maye gurbin wannan ba, ba a yi shi don a dawo maka da asibitinka yadda yake ba.

Mai_Bibiya:
Kan saƙon tunatarwa ta waya ma a yi hattara. Wayar da ke shafin mace sau da yawa ta mijinta ce ko ta ƙaninta. A tambaye ta tun farko ko ta yarda a kira, da wane lokaci, da sunan wa za a ce ana nema. A samar da gurbin wannan a manhaja, in babu a rubuta a wurin ƙarin bayani.

Malam_Lissafi:
Bari in dawo kan tambayar kuɗin da Malam Mai_Rajista ya yi aka tsallake. Kowa ya ga abin da ya faru daga 20 ga Janairun 2025 da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, aka ba da umarnin tsayar da aiki, daga baya USAID, hukumar ba da tallafin ta Amurka, ita kanta aka rufe ta a Yulin shekarar. Maganin yana nan a famasi, amma masu shigar da bayanai da masu gyaran manhaja da kuɗin data galibi a kan ƙungiyoyin tallafi suke. Darasin a fili yake: in ma'aikacin gwamnati na sashen adana bayanai bai iya buɗe manhajar ba, bai san kalmar sirrin uwar garke ba, bai taɓa fitar da rahoto da hannunsa ba, to manhajar baƙuwa ce a asibitin. Tun ranar farko a horar da aƙalla mutum biyu na dindindin a kowane teburi, a sa kuɗin sitika da data da ruwan batir da canjin batir a kasafin asibitin.

Dattijo_Kati:
To kun dawo inda na tsaya. Wanda ya yar da kati kafin wannan ranar me zai duba?

Hajiya_Famasi:
Baba, wanda bai yar ba ma ya duba ya ga katin rabi a cike, don tun da kwamfuta ta zo ma'aikata suka daina kula da shi. Aiki biyu ba ya samun kulawa ɗaya. Shi ya sa nake ganin a tsayar da guda ɗaya a ce shi ne asali. In manhaja ce asali, a ajiye fom na ranar da wuta ko na'ura ta ƙi, a cika shi, a shigar cikin awa 24, a sa hannu a kai cewa an shigar. Kuma duk Juma'a a buga jerin waɗanda ake sa ran zuwansu mako mai zuwa da maganin kowa, a kulle a durowa.

Malam_Lissafi:
Na yarda da Hajiya da sharaɗi. Kada a sauke kati sai an cika abu uku wata uku a jere: abin da aka shigar a ranar ya yi daidai da yawan mutanen da aka gani a ranar, ƙwayoyin da manhaja ta ce an bayar sun yi daidai da abin da ya fita daga sito, kuma an gwada kwafin ajiya ya tashi. Sannan ba asibiti ne ke yanke wannan shi kaɗai ba. Katin kulawa da rajistoci kayan aikin ma'aikatar lafiya ne na ƙasa, kuma masu zuwa tantance bayanai da su suke gwada abin da ke manhaja. Sai an samu izini daga jiha.

Mai_Rajista:
Na gode ƙwarai. Abin da ban gane ba har yanzu: a teburin likita, inda mutum sittin ke jira kuma likita ɗaya ne, wa zai riƙa dannawa? In shi ne, layi zai tsaya. In an zaunar masa da mai shigarwa a gefe, majinyaciya ba za ta faɗi abin da ke damunta a gaban baƙo ba.

Likitan_Yara:
Ba sittin ɗin ne ke bukatar likita ba. Wanda ƙwayar cutar ta yi ƙasa a jininsa, ba shi da ƙorafi, ya zo karɓar na wata uku ko shida, daga teburin awo sai famasi, can za a shigar da shi. Manhajar ce ma za ta ware su tun da safe. Likita ya rage da sababbi, da masu sakamako sama da 1,000, da masu ƙwayoyin garkuwar jiki na CD4 ƙasa da 200, da masu ciki, da yara. Waɗannan zai iya dannawa da kansa in fom ɗin allon bai wuce shafi ɗaya ba.

Dattijo_Kati:
In bai wuce ba. Na ƙarshen da aka nuna mana a taro shafi huɗu ne.

Sarkin_Waya:
Ana iya ɓoye gurabun da ba dole ba, Baba, amma ba daga asibiti ake yi ba, sai masu kula da manhajar sun fitar da sabon zubi. Malam Mai_Rajista, wacce aka kawo muku a cikin biyun, kuma teburi nawa ne za su hau? In ka faɗa sai Dan_Sola ya sake lissafin batir, don da firintar sitika biyu lissafin ɗazu zai ɗan motsa.

Dan_Sola:
Firintar sitika ba ta da ci sosai, kuma ba kullum take bugu ba. A faɗo adadin teburin dai, da nisan famasi daga ɗakin kati, don in ya wuce mita 100 wayar sadarwa ɗaya ba za ta kai ba sai an sa suwic a tsakiya.